Matar da Ta Koya wa Fauziyya Magana

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a danginmu, na kuma san ta iso kunnenku, kunya ce kawai ta hana ku tambaye ni. Cewa ake yi wai kakanku Malam ya kore ni daga gidanmu na unguwar Karantina a Jidda saboda na lalace da kallon silima, har na kamu da son wata 'yar rawa ta ƙasar Indiya. Wasu ma sukan ƙara gishiri su ce uwarku ta yi yaji a kan haka. Uwarku Batulu ba ta taɓa yin yaji ba, Allah Ya jiƙanta. Amma korar gaskiya ce, silimar gaskiya ce, 'yar rawar ma gaskiya ce, kuma har yau da nake jan ƙafa da sanda zuwa masallaci ban daina ganin girman matar nan ba. Waɗanda suka san yadda abin ya faru duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da yayarku Fauziyya, ita kuwa ba mai dogon rubutu ba ce. Don haka bari in faɗa muku da kaina, ku huta da tsintar labari a bakin mutane.

A lokacin muna zaune gida ɗaya da mahaifina, ɗakuna uku na katako da kwano, irin waɗanda mutanen Jidda ke kira sandaƙa. Malam ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa tun yana saurayi, ya yi shekaru a Sudan yana noman auduga, a can aka haife ni, sannan muka ƙetaro teku. Shi ne limamin ƙaramin masallacin layinmu, kuma mutane sun riga sun sa a ransu ni zan gaje shi, domin in ya yi mura ni ake turawa gaba. Sana'ata kuwa ɗinki. Ina da keke ɗaya a wani lungu kusa da kasuwar Bab Sharif, ina ɗinka tob, doguwar rigar nan ta Larabawa, da wanduna, lokacin aikin hajji kuma in yi ta ɗinkin jakunkuna da harami har yatsuna su ƙage.

Fauziyya ta buɗe baki da wuri. Tana shekara biyu take kwaikwayon mai sayar da ruwa, tana ihun "moya, moya" a tsakar gida har Malam ya yi dariya, shi da ba a cika ganin haƙoransa ba. Tana da shekara uku wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita kwana tara. Ta tashi, muka yi sadaka, muka gode wa Allah. Sai muka lura ana kiranta ba ta waiwayowa. Da farko mun ɗauka taurin kai ne na yaron da aka shagwaɓa lokacin ciwo, har uwarku ta taɓa marinta a kan haka, marin da ta yi ta nadamarsa har ta tsufa. Malam ya yi mata rubutu, ya yi tofi, na kai ta asibiti sau uku. A na ukun likitan ya tafa hannu a bayan kanta, ko ƙifta ido ba ta yi ba, ya dube ni ya ce, "Halas, ya akhi. Kunnen ya tafi." Daga nan kalmominta suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta cika shekara biyar babu ko guda da ta rage. Abin da ya rage ihu ne, da cizo, da buga kai a jikin katako. In tana son abu ba mu san mene ne ba, sai mu yi ta miƙo mata kaya tana watsarwa. Yaran layi suna kiranta mahaukaciya. Ku da kuka taso kuka same ta mace mai natsuwa, wadda kowa ke kawo wa ƙara, ba za ku yarda da wannan ba, amma haka ta kasance.

A shekarar da nake ba ku labari aka haifi Abdullahi. Fauziyya ta tsani jaririn, ko kuma mu muka ɗauka ta tsane shi, don ta mintsine shi sau biyu. Sai na fara tafiya da ita shago, in zaunar da ita ƙarƙashin tebur da ƙyallaye. To, akwai wani dattijo Balarabe, Bahadrame, mai suna Salim, muna ce masa Ammu Salim, sana'arsa ba da hayar injin majigi da faya-fayan fim ga gidajen masu hali in suna biki, wani lokaci kuma ya haska wa maza a wani fili mai katanga a unguwar Hindawiyya. Ya kawo mini farin yadi ya ce in haɗa masa faffaɗan ƙyallen da ake haska hoto a kai, da sharaɗin kada ɗinkin ya fito. Na gama, na naɗe, na riƙo hannun Fauziyya muka kai masa bayan azahar. Ma'ajiyarsa ɗaki ne dogo marar taga, yana warin man inji da gahawa. Na so in ajiye in juya, domin ni ɗan liman ne, ban taɓa kallon majigi ba. Ya ce:

"Isbir, ya waladi. Tsaya mu gwada tukuna. In ɗinkinka ya fito a fuskar mutane, kai za ka warware shi."

Muka rataye ƙyallen, ya rufe ƙofa, ya kunna injin. Ni ɗinkina nake dubawa. Sai ga wata mace a jikin farin yadin nan, siririya, baƙar fata kusan kamar mu, da ƙarau a ƙafa da dogon gashi a kitse. Rawa take, amma ba irin wadda na zata ba. Babu rijiya a wurin, babu guga, amma wallahi na ga ta zura igiya, na ga nauyin gugan a kafaɗarta, na ga ta kamfaci ruwa a tafin hannu ta kai baki, har maƙogwarona ya motsa. Sai yatsunta suka zama tsuntsu, ya sauko, ta miƙa masa ragowar. Na juya don in ja Fauziyya mu fita kafin ta fara ihu. Na tarar ta saki rigata, ta taka har gaban ƙyallen, bakinta a buɗe, hannuwanta biyu a sama suna bin na matar. Da tsuntsun ya tashi sai ta yi dariya. Shekara biyu ban ji wannan dariyar ba. Ammu Salim ya dube ni, ya dube ta, ya mayar da faifan baya ya sake sakawa. Sau huɗu ya yi haka.

Ban gaya wa kowa ba. Bayan kwana biyu, da hantsi, ina shirin fita, Fauziyya ta je gaban uwarta ta tsaya, ta dunƙule tafin hannu kamar ƙoƙo, ta kai baki, ta ɗaga haɓa.

"Me kuma take yi haka?" in ji Batulu.

Na ce, "Ba ta ruwa."

Ta ɗebo a randa ta miƙa mata. Yarinyar ta karɓa, amma ba ta sha nan da nan ba. Ta dubi kofin, ta dubi hannunta, ta dubi uwarta. Sannan ta shanye ta sake yin alamar. Aka sake ba ta. Kofi biyar ta sha a tsaye, cikinta ya yi tim, ba don ƙishirwa ba, so take ta tabbatar abin yana aiki. Uwarku ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Da ta nutsu ta tambaye ni inda yarinyar ta samo wannan, na gaya mata gaskiya. Ta leƙa ƙofar ɗakin Malam, sannan ta rage murya ta ce, "Yaushe za ku koma?"

Ammu Salim yana duba faya-fayansa kowace Talata da rana, don ya liƙe inda suka tsinke kafin a zo haya. Ya ce mu riƙa zuwa. Duk fim ɗin da matar nan take ciki sai ya ware mana shi, ya wuce wurin faɗa da wurin soyayya, ya tsaya a kan rawar. Sunanta yana da tsawo, harshena bai taɓa faɗinsa daidai ba, saboda haka ni da uwarku muke ce mata Mai Ƙarau. Fauziyya kuwa ta yi mata nata sunan: yatsa ɗaya a tsakiyar goshi, sannan a buɗe hannu kamar fure. Takan ɗora tafinta a jikin lasifika don ta ji bugun ganga a ƙashinta, ɗaya hannun yana kwaikwayo. Ni ina gefe da alli da takardar yanka, ina zana yadda yatsu suke, Ammu Salim yana fassara mini abin da ya gane na labarin. A haka muka samo uwa, da barci, da tsoro, da jira, da zo, da tafi, da ciwo, da ƙarya. Wasu Fauziyya ta karɓa yadda suke, wasu ta gajarta, da yawa kuma ita ta ƙirƙiro da ta gane cewa kowane abu yana iya samun suna a hannu. Cikin wata uku cizon ya tsaya. A lokacin ne ma ta bayyana mana cewa ba tsanar Abdullahi take ba. Tana mintsininsa ne don ta ga bakinsa ya buɗe, tana so ta gane abin da ke fitowa daga ciki da ke sa kowa ya taho da gudu.

Bari in ɗan tsaya a kan matar nan, domin na kalli rawarta fiye da yadda na kalli fuskar wasu 'yan uwana, kuma ina da abin cewa. Faya-fayan ba a jere suke zuwa Jidda ba, wani tsoho wani sabo, amma a hankali na harhaɗa rayuwarta. A mafi tsufansu yarinya ce ƙarama a layin baya, cikin 'yan mata goma sha biyu, ba a ma nuna fuskarta sosai. Fauziyya ce ta gano ta, ta nuna da yatsa. Ko a can baya ta bambanta, domin sauran suna jefa hannu ne su janye, ita kuwa sai ta kai kowane motsi ƙarshensa, kamar tela mai ƙulle zare kafin ya yanke. Daga baya ta dawo gaba, aka riƙa gina fim sukutum a kanta. Abin da na lura da shi, inda hannunta ya je nan idonta ke zuwa, inda idonta ya je kuma nan hankalin mai kallo ke tafiya. Ba ta gaggawa. Ganga na iya haukacewa, ƙafafunta suna bin ta kamar ruwan sama a kan kwano, amma daga ƙugu zuwa sama tana nan a natse tana ba da labarinta. Na ga wasu 'yan rawa a faya-fayan Ammu Salim, na Masar da na Indiya, waɗanda suka fi ta kyau nesa ba kusa ba. Su suna rawa ne don a kalle su. Ita kuwa kamar akwai mutum ɗaya a gabanta da take son lallai ya fahimci wani abu, kuma ba za ta bar wurin ba sai ya fahimta. Akwai wata rawa da ta yi ta uwa mai neman ɗanta a kasuwa, babu kasuwa babu ɗa, fili ne kawai da fitila. Ammu Salim, wanda ya kalle ta ya fi sau hamsin, kullum sai ya fita waje wai zai duba gahawa.

Karantina ba a ɓoye abu. Wani ya gan mu muna fitowa daga ma'ajiyar, ya kai wa wani, har ta isa masallaci. Abin da ya ƙarasa fasa ƙwan, wata rana Malam yana zaune da baƙi biyu a tsakar gida, Fauziyya ta fito ta yi musu rawar tsuntsun nan daga farko har ƙarshe, da juya ido da komai, tana jiran a yaba mata. Bayan la'asar ya kira ni. Yana kan buzunsa, ni ina durƙushe.

"Usmanu, abin da nake ji gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Ɗan liman a ɗakin majigi. Da 'ya mace a hannu. Kana kallon matar da ba muharramarka ba tana karkaɗa jiki, gobe kuma ka shiga gaban mutane ka ce su daidaita sahu?"

"Baba, magana yarinyar take koyo. Ka gani da idonka, ta daina cizo."

"Na gani da idona tana rawa a gaban baƙina. Allah Ya rufe kunnenta, Shi Ya san dalili. Haƙuri aka umarce mu da shi, ba a ce mu je mu aro harshe a wurin 'yan rawa ba."

Sai muka ji murya daga bayan labule. Ku sani, shekara takwas uwarku tana gidan nan ba ta taɓa ɗaga murya inda surukinta zai ji ba, ko sunansa ba ta faɗi. Ta ce:

"Baba, ka gafarce ni. Shekara biyu 'yata tana kuka ban san inda ke mata ciwo ba. Jiya ta gaya mini haƙorinta ne, na ƙasa, na hagu. Ita da kanta ta gaya mini."

Malam ya ci gaba da jan carbinsa. Na ɗauka ya sauko. Amma da ya buɗe baki sai ya ce abu biyu ne: ko in dafa Alƙur'ani in rantse ba zan sake taka wurin ba, ko in nemi wani gida, domin ba zai iya tsayawa gaban jama'a ba alhali ana nuna gidansa da baki. Ya ba ni kwana uku, zuwa Juma'a. Kada ku riƙe shi da mugunta. Mutum ne da ya taka ƙasa da ƙafarsa shekara da shekaru don ya kusanci Ɗakin Allah, ba shi da dukiya sai yardar da mutane suka yi masa, kuma yana ganin wuta nake ja wa kaina. Ni ma kwana ukun nan ban san inda kaina yake ba. Na je har gaban Alƙur'anin na tsaya. Abin da ya hana ni dafawa shi ne, a ranar Fauziyya ta jawo rigata ta nuna jaririn, ta nuna kanta, ta ɗaga gira, tana tambayata wani abu da ban gane ba, ita ma ba ta da alamar da za ta ƙarasa. Na ga saura da yawa. Ranar Juma'a bayan an sauko muka ɗora kayanmu a amalanke muka koma unguwar Sa'alaba, ɗaki ɗaya a gidan wani Bayamale.

Abin ya ci mana. Mutanen layinmu da ke kawo mini ɗinki suka janye, sai na ɗaiɗaiku da ke zuwa a ɓoye. Limancin da ake cewa nawa ne aka ba wani. Aka laƙaba mini Usman Hindi, sunan da har yau wasu tsofaffi ke kirana da shi, kuna jin haushi, ni kuwa na daina ji tuntuni. Uwarku ta shiga wankau, hannuwanta suka tsattsage da sabulu. Kowace Juma'a ina zuwa gaishe da Malam, ya amsa sallama don wajibi ce, daga nan ba ya ƙara ko kalma, in gama durƙusona in tashi. Shekara huɗu muna haka. Ba zan ce muku ban taɓa yin da-na-sani ba. Na yi, musamman ranar sallah, in na hango shi daga nesa an kewaye shi ana gaisuwa. Amma in na dawo gida sai in tarar Fauziyya ta tara labarin yini guda tana jirana, wa ya zo, wa ya yi faɗa da wa, me akuyar maƙwabta ta ci, hannuwanta suna gudu har sai na ce ta sassauta.

Tana da shekara goma aka aiko cewa Malam ya faɗi a wurin alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye, in ya buɗe baki sai gurnani. Mahaifiyata ta riga ta rasu, babu mai jinya, sai na ɗauko shi zuwa Sa'alaba ba tare da na nemi izininsa ba, tun da ba shi da bakin hanawa. Kwanakin farko na ga abin da na taɓa gani. Yana son abu, mu yi ta miƙo masa wanda ba shi ba, ya ture kofi, ya buga hannun hagu a tabarma, hawaye na zuba a gemunsa. Mu duka mun rikice, ban da Fauziyya. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gabansa, ta kama hannunsa mai lafiya tana lanƙwasa masa yatsu. Ya fizge. Ta sake kamawa. Ya juya fuska bango. Kwana uku suna wannan, ita ba ta gaji ba, domin ta fi kowa sanin inda yake. A rana ta huɗu, da azahar ta gabato, ya ɗaga hannun hagu, ya shafi fuska, ya shafi damtse. Alamar alwala ce, wadda Fauziyya ta ƙirƙiro da kanta tun tana kallonsa a Karantina. Ta ruga ta kawo buta.

Wata goma sha huɗu ya yi a wurinmu, kuma ita ce bakinsa. In baƙi sun zo dubiya, shi ya yi mata alama, ita ta yi mini, ni in faɗa musu. Waɗanda suka yi ta yawo da sunana suna zaune suna kallo. Bai taɓa nuna mini cewa ni ke da gaskiya ba, ni ma ban nema ba, kuma har yau ban san ko ya canja ra'ayi a kan majigi ba. Abu ɗaya na gani. Wata rana da safe ina ɗaura masa rawani, ya nuna hannuwan Fauziyya ya juya tafinsa sama, wato daga ina. Ta sa yatsa a goshi ta buɗe hannu kamar fure. Ya san ko wace ce. Ya rufe ido ya daɗe, sannan ya ɗaga hannun nan guda ɗaya da ya rage masa, leɓunansa suna motsi, ya shafa. Abin da ya roƙa, da wanda ya roƙa wa, yana tsakaninsa da Ubangijinsa.

Bayan rasuwarsa mun ci gaba da zuwa wurin Ammu Salim jefi-jefi, ko da yake Fauziyya ta riga ta wuce malamarta a yawan kalmomi. Fina-finai masu launi suka shigo, muka ga Mai Ƙarau ta fara manyanta. Aka daina ba ta fim sukutum, sai rawa ɗaya a tsakiya. Daga baya muka gan ta ta fito a uwar wani, tana zaune a kujera, wata yarinya tana rawa a gabanta da irin motsinta, an ara ba a iya ba. Ko a zaunen nan, da ta ɗaga hannu ta sa wa yarinyar albarka, hannun nata kowa ya kalla. Daga nan ba mu sake ganinta ba. Amma duk 'yar rawar da ta biyo baya, in dai ta iya, sai Fauziyya ta taɓa ni ta nuna mini wurin da aka ɗauko daga gare ta. A Sa'alaba kuwa aka fara kawo wa yayarku yaran da ba sa ji, na Hausawa da na Yamalawa da wani ɗan Somaliya, tana zaunar da su a tsakar gida. Ku kanku da hannu kuka fara magana kafin baki, kuma na ga jikokina suna yi wa juna alamar "ƙarya kake" a bayan iyayensu, ba su san daga wace ƙasa ta taso ba.

Abin da ya dame ni shi ne matar nan ba ta san da mu ba. Kowace shekara in jiragen ruwa sun sauke alhazan Indiya, duk wanda ya shigo shagona gyaran jaka sai in gwada faɗin sunanta. Wasu su yi dariya, wasu su ɓata rai don sun zo ibada ana yi musu zancen silima, da yawa su ce sun san ta amma ba su san ko tana raye ba. Shekara bakwai ina wannan tambaya. Sai wata shekara, bayan an sauko Arfa, wani tsoho mai suna Alhaji Yunus ya kawo jakarsa da hannunta ya tsinke. Ya tsaya yana kallon yadda nake ɗinkin, ya karɓi allurar ya nuna mini wata hanya da ta fi tawa, na gane tela ne. Da na faɗi sunan sai ya ajiye allurar. Da guntun Larabcinsa da nawa, da taimakon hannu, ya fahimtar da ni cewa shekara ashirin yana ɗinka kayan rawa a inda ake shirya fina-finan, kuma ya sha auna ta. Ya ce tana nan da rai. Gwiwoyinta sun lalace, ba ta iya hawa bene sai an riƙe ta, tana zaune a wani ƙaramin gida tana koya wa 'yan mata rawa daga kan kujera. Masu shirya fim sun manta da ita. Ya ce unguwarsu ba nisa, yana iya zuwa.

Na aika gida aka zo da Fauziyya, lokacin tana budurwa, ita ke yi mini aikin wuyan riga. Na ba shi labarin tun daga farko, yana share ido da gefen mayafinsa. Ta ɗauko wani farin gyale da ta yi wata biyu tana yi wa ado don aurenta, ta naɗe ta ba shi ya kai. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce:

"In na je, me zan ce mata?"

Na juya na tambayi Fauziyya. Ta yi tunani kaɗan, sannan ta yi alamu uku a jere. Na buɗe baki zan fassara, sai ta riƙe mini hannu ta girgiza kai. Ba ta yarda a kai saƙon da baki ba. Ta tsayar da tsohon nan a tsakiyar shago, ta kama yatsunsa masu kanta tana gyara masa, ya yi ta kuskure tana sa shi ya sake, har sai da ta gamsu ta gyaɗa kai.

Ban san ko gyalen ya isa ba. Alhaji Yunus bai sake zuwa hajji ba, wasiƙa ba ta zo ba, bayan wasu shekaru kuma wani ya gaya mini matar ta rasu. Na yi mata fatan alheri iyakar yadda na sani, na bar sauran ga Mai rahama. Abin da na gani na ƙarshe shi ne tsohon yana tafiya cikin lungu zuwa masaukin alhazai, jakarsa a kafaɗa, yana ta maimaita alamun da hannu don kada su ɓace masa kafin jirgi, mutane suna ratse masa suna zaton taɓaɓɓe ne. Yana nuna ƙirjinsa, ya taɓa kunnensa, sannan ya miƙa tafin hannu gaba. Ma'anarsa: na ji ki.